Ta Huɗunmu

A rumfarmu ta albasa, bayan kasuwar Marwa,
inda warin buhu ke rigan mutum shiga gida,
mu huɗu ke riƙe da amanar manoma saba'in.
Uku muna shan shayi. Ta huɗun caji take sha.

Ranar da muka ɗauke ta aiki Hamajoda ya ce,
"A yanka mata gonarta, a kafa dutsen iyaka.
Baƙon da ba a nuna wa ɗaki ba
a tsakar gida yake shimfiɗa."
Muka zauna kan buhuna muka raba.
Ni Tanko, awo nawa ne, ni ke shigar da lamba.
Hamajoda ya bi sawuna, ya sa yatsa ya tabbatar.
Lantana kaɗai ke buɗe bakin asusu.
Ita kuwa manhaja, ta ƙidaya, ta tuna, ta tambaya.
Biya ba nata ba ne, yafiya ma haka.

Wata Laraba na ƙule da ita.
Direban Duwala ya tayar da mota yana hura min hayaƙi,
Hamajoda na masallaci,
Lantana na Mokolo wurin ta'aziyya.
Na danna "biya" sau uku da yatsa mai ƙasa.
Ta rubuto: "Wannan ƙofa ba taka ba ce, Tanko.
Na aika wa mai ita."

Ni?
Shekara tara nake sharar wannan rumfa
kafin a ƙera wayar da take kwana a ciki!
Na zauna kan sikeli ina ƙwafa,
allura ta nuna kilo sittin da ɗaya, har da fushin.

Can sai ga kiran Lantana daga cikin masu makoki,
murya ƙasa-ƙasa kamar mai satar magana:
"Ta ce buhu arba'in suka bar rumbu,
kai kuma ka rubuta arba'in da huɗu. Wanne ne?"
Na hau bayan mota na ƙirga da tafin hannu.
Arba'in.
Yatsana ne ya taka huɗu sau biyu.
Direba ya dubi sama kamar yana neman hadari.

Kada dai ku ɗauka ita ce malamar gidan.
Da damina ta sauka, laima ta shiga rumbun Inna Dudu a Miskin,
albasarta ta koma ruwa, sai ƙudaje.
Manhaja ta shafa wa sunanta ja:
sefa dubu sittin da biyu, kwana sha tara da wuce wa'adi.
Ta tambaya, "A tura mata tuni?"
Ba ta ga zanin da Inna Dudu ta kai kasuwa ba,
ba ta ji tarin jikanta da dare ba.
Lamba aka ba ta, lamba ta kawo.

Lantana ta ajiye kofinta.
Ta ɗau wa'adin kamar mai ɗaukar jariri daga rana,
ta kai shi inuwar girbi mai zuwa.
Hamajoda ya sa yatsa.
Jan ya dushe. Ba musu, ba tsaki.
Ta dai rubuta wanda ya ɗaga, da ranar, da ƙarfe nawa.

Hamajoda ya ce, yana ɓare goro,
"Makulli sai mai fuskar da za ta ji kunya
in an haɗu a wurin suna."
Ban amsa ba. Ina tuna huɗun nan tawa.

Yanzu in magariba ta yi
nakan share sikeli, in rufe rumbu,
in soka mata waya a bango kamar mai ɗaure akuya.
Jiya na ji bakina ya ce mata sai da safe.
Ta rubuto: "Saura buhu biyu ba ka auna ba."